Gwiwar Kaka Ba Ta da Laifi

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma Kaka ta koma, wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na Gwandu, fuskarta na kallon bango yadda ta saba kwanciya. Kafin la'asar maza sun kai ta sun dawo. Kafin magariba tsakar gidan ya cika da mata har babu wurin aje buta. Ga danginta na Dodoru inda aka haife ta, ga 'yan uwan marigayi mijinta daga Dangoma, ga maƙwabtanmu na Kalgo da suka ciko mota suka biyo mu.

Ni jikarta ce, 'yar ɗanta na fari, kuma sunanta aka sa mini. Don haka bakin ƙofar ɗakinta aka zaunar da ni, kusa da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo ta zauna da Kaka tun da aurenta ya mutu. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa gabanmu, kuma duk bakinsu ɗaya. Da an ce Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, sai a ɗora da zancen kunyarta. Wai irinsu sun ƙare. Wai shekara da shekaru tana fama da ƙafa amma ba wanda ya taɓa jin ta ce wayyo. Wata tsohuwa daga Dodoru ta ce a kawo mata macen yanzu ɗaya tak da za ta iya rabin wannan, ta ba ta goron da ke bakin zanenta. Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, aka share ido.

Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce maƙwabciyar Kaka, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da katanga ɗaya ta raba su tun suna amare. Duk sabuwar fuskar da ta shigo sai ta maimaita mata:

"Har ta cika, ɗanta na hwari bai taɓa ko bakin zanenta ba. Ni shaida ce."

Ana masha Allah, ina gyaɗa kai, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya nake ji, wallahi, amma ba irin wadda suke yabo ba. Gida mai mota, mai ɗa bakanike, mai jika da ta yi boko, a ce tsohuwarsu ta ƙare tana jan jiki a ƙasa daga ɗaki zuwa bakin randa, mu kuma ga mu a kan tabarma ana yi mana barka da halinta. Na zauna rubuta wannan ne don 'ya'yana ba za su tuna ta a tsaye ba. Ban sa sunan kowa ba, dalilin yana can gaba.

Kaka cikin shanu ta taso. Ko da aka zauna wuri ɗaya aka kama noma, ba ta bar ƙwarya ba. Tun kafin a haifi Baba take ɗora ƙwarya kan ƙwarya, ta tako daga bayan gari zuwa kasuwar Gwandu da nono, ta koma a ƙasa. Ni na riski ƙarshen wannan tafiyar ina yarinya. Wuya a miƙe, hannu a sake, ƙasan jiki na aiki, ƙwaryar sama ko gezau. Da ta zo koya mini ɗaukar kaya na yi ta ƙandare wuya, sai ta ce ba nan ba ne, kai ba shi ke ɗauka ba. Ta bugi gefen ƙugunta da tafin hannu ta ce, "Nan." Iyakarta ke nan. A rayuwata ban taɓa jin ta ambaci sunan wani wuri na jiki da ke tsakanin cibiya da gwiwa ba.

Ba ta ci a gaban mutane. Ko ana zafin bazara ba a taɓa ganin ta kai ruwa baki a kasuwa ba. Amma kar a ɗauka saliha ce mai sanyin hali, Kaka akwai zuciya. Wata rana wata matar gari ta ɗanɗana nononta ta yatsine fuska, ta ce kamar an tsinka shi da ruwa. Kaka ta miƙe tsaye. Ta ɗaga ƙwaryar gaba ɗaya ta tuntsurar a ƙasa gaban matar, ta kife ta a kai, ta kama hanyar gida. Daga nan duk gidan matar ba wanda ya sake samun nononta, har 'ya'yan da ba su san hawa ba. Sai da matar ta tako har bayan gari ta ba da haƙuri. Washegari Kaka ta aika mata da curin man shanu kamar babu abin da ya taɓa faruwa, ta kuma haramta mana tayar da zancen.

Ni da ita kuwa wasa ne tsakaninmu, wasan jika da kaka. Takwara take ce mini, Takwara nake ce mata. In na ce ta tsufa ta ba mu wuri, sai ta ce ɓarauniyar suna ba ta da bakin magana. Da na haifi 'yata ta fari ita ta zo Kalgo ta yi mini wankan jego. Kullum da safe sai ta shimfiɗa jaririyar a cinyarta, ta shafe ta da mai, ta kama 'yar kafaɗar ta juya, ta kama 'yar cinyar ta naɗe ta zagaya da ita a hankali, dama da hagu, tana cewa in nan ya saki, mutum ya samu tafiya. Kuma tana yi tana kiran sunan yarinyar, tana maimaitawa ba gaira ba dalili. Ni kuwa ba na iya faɗarsa, 'yar fari ce, mu ma haka muka taso. Rannan na ce mata haba Takwara, za ki cinye sunan nan tun bai kwana biyu ba. Ta ce ba don yarinyar take yi ba, don ni ne, ta san yadda bakin uwa ke ƙaiƙayi. Na yi dariya a lokacin, ban kawo komai a raina ba.

Baba shi ne nata ɗan farin. Tun da aka yaye shi aka ba ƙanen kakanmu riƙonsa a Kalgo, can ya girma, can ya koyi aiki. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, mutumin Kalgo take cewa. Shi ma ba ya iya kiran nata, shi ya sa ni 'yarsa da na ci sunan yake ce mini Inna. Kowace Juma'a sai ya tuƙo mota zuwa Gwandu, ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a waje gefen ƙofarta ya yi gaisuwa yana kallon ƙasa. Ita kuma ta kau da fuska ta amsa wa duk wanda ke kusa: a ce wa mutumin Kalgo lafiya lau muke, a tambaye shi ya ya baro yara. In babu kowa a gidan sai an leƙa waje an samo wanda za a faɗa wa. In zai tafi ta turo goran fura ta ce na yaran gareji ne. Fura ce mai kauri ba sukari, daidai yadda yake so, kuma babu yaron garejin da ya taɓa sanin ɗanɗanonta. Mu duk wannan burge mu yake yi. Har alfahari muke da shi a gaban baƙi.

Aikin Baba ƙafar mota ne. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa waya. Duk direban da ke bin hanyar Kalgo zuwa Diggi da damina ya san rumfarsa, ya kuma san faɗansa. Direba zai zo yana kukan taya na cinyewa ta gefe ɗaya, a canza masa taya. Baba ko kallon tayar ba ya yi. Zai sa jak ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya kasa kunne. In ya ji ɗan ƙwas-ƙwas ɗin nan sai ya miƙe ya fara zazzaga masifa, ya ce taya ba ta da laifi, abin a sama yake, boljoyin ne ya ci. Yana da wani da ya yanka biyu ya aje a kan benci don masu gardama. Ƙwallon ƙarfe ne sumul, zaune cikin gurbinsa kamar kan taɓarya a turmi, yana juyawa ko'ina yake so, giris a tsakani, roba ta rufe baki. Shi ke riƙe da ƙafar motar, shi ke barin ta juya ta kuma hau rami ta sauka. In robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Wata rana ana cikin gudu ƙwallon ya fice, ƙafar ta naɗe a ƙarƙashin mota. Ya sha korar direba da zagi don ya ce bari sai an dawo daga lodi.

To ciwon Kaka ya fara ne da ɗan ɗingishi. Aka tambaye ta, ta ce gwiwa ce. Aka faɗa wa Baba gwiwa ce. Shi ke nan fa, aka duƙufa a kan gwiwa. Wanzami ya yi mata ƙaho. Mai ɗori ya zo ya mammatsa ya ce babu targaɗe. Man zafi kuwa babu irin wanda Baba bai kawo ba, har ɗakinta ya koma warin kemis. Aka sayo mata wata safa mai matse gwiwa. Aka kai ta asibiti aka ɗauki hoton gwiwa, aka ce ƙalau take sai ɗan tsufa. Bayan wasu shekaru aka sake ɗauka, aka sake cewa ƙalau. Su ma abin da aka nuna musu suka duba, tsohuwa ta ɗora yatsa kan gwiwa ta bisa zane ta ƙi ƙara ko kalma.

Yadda ake kai ta ma abin kallo ne. Ni da Gwaggo mu kama ta ta hammata mu kinkima zuwa mota, ƙafar na reto, tana cije da bakin mayafi. Baba kuwa ya zagaya can bayan motar ya tsuguna yana duba tayar da babu abin da ya same ta. A sa ta a kujerar da ke bayansa, ya ɗaga madubin sama don kar ido ya haɗu. Haka za mu je, haka za mu dawo.

Ta bar kasuwa. Ta koma sanda. Salla ta koma a zaune, ƙafar dama a karkace waje ɗaya, ta kuma gajarce har zanenta na jan ƙasa ta wannan gefen. Da hoto ya ce babu komai sai bakuna suka buɗe. Wasu suka ce iska ce ta taka a hanyar kasuwa, aka shiga rubutu da hayaƙi. Wasu a cikin dangi suka fara cewa a ɓoye tsufa ne da son a kula, tunda likita ma bai ga komai ba. Mu duka mun gaji, gaskiya ke nan. In aka ce Kaka ba ta ji daɗi ba sai a ce gwiwar ce dai, a wuce. Ita kuma kullum amsarta ɗaya, da sauƙi, a ce wa mutumin Kalgo kar ya sake sayo magani.

Da sandar ma ta gagara, Baba ya ce a sake gwadawa. Wannan karon Allah ya haɗa mu da likita mace, wata doguwa mara yawan magana. Ta dubi gwiwar ta ɗan latsa, sai ta ce maza su fita, ta rufe ƙofa. Ta sa muka kwantar da Kaka rigingine. Ta kama ƙafar ta naɗe gwiwa, ta juya cinyar ciki a hankali, daidai yadda Kaka ke juya cinyar jaririyata.

Kaka ta ƙwalla ƙara.

Ban taɓa jin wannan muryar ba. Gwaggo ta saki jakar hannunta. Ƙofar kuwa katako ce siririya, Baba yana zaune kan benci a jikinta.

Likita ta jira ta lafa, sannan ta sunkuya ta tambaye ta a hankali ko ban da gwiwa akwai inda ke mata ciwo. Kaka ta nuna da ido, can matsematsi. Tun yaushe? Ta ce tun kafin gwiwar. Aka ɗauko hoton ƙugu. Likita ta dunƙule hannu ɗaya ta sa cikin tafin ɗayan, ta ce haka kan ƙashin cinya yake zaune cikin gurbinsa, haka ma kafaɗa, da guringuntsi mai santsi a tsakani. Na Kaka guringuntsin ya cinye tas, kan ƙashin ya baje, ƙashi ke gugar ƙashi. Ta ce Kaka ba ƙarya ta yi ba, ciwon wannan gaɓar yakan sauko har gwiwa, mutane da yawa can suke jin sa. Kawai dai ta faɗi rabin da bakinta zai iya faɗa ne.

Sai likita ta buɗe ƙofa ta ce ina ɗanta. Abin da ya kamata ta yi ke nan, shi ne babba, shi zai yanke shawara. Baba ya shigo yana kallon ƙasa. Likita ta ɗaga hoton ga haske, Kaka ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Ya ɗago ya duba. Bai bari ta gama bayani ba, na ga ya gane tun kallon farko. Mutumin da ya yi shekaru yana zagin direbobi a kan taya ba ta da laifi. Tambaya ɗaya ya yi, ko ana canzawa. Likita ta ce ana yi, ƙwallon ƙarfe da gurbinsa ake sawa, amma sai babban asibiti, sai an auna zuciyarta da jininta, kuma da an zo tun tana takawa da ya fi sauƙi. Ya ce ko ina ne zai kai ta.

Muka mayar da ita Gwandu. Juma'ar da ta biyo baya Baba ya zo gaisuwa ya tarar an saki asabari a ƙofarta. Daga ranar bai sake ganin ko inuwarta ba in ya tsuguna. Zancen aikin tiyata kuwa ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi kuka. Ni na yi wasa, wasa ya ƙi, na yi faɗa na ce wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne, so take ta mutu a zaune mutane su zage mu. Ta ce in na gama in miƙo mata buta.

Baba bai iya magana ba sai da ƙarfe. Ya naɗo boljoyin biyu a tsumma ya ba ni, wancan yankakken da ya ci, da wani sabo dal, ya ce in kai mata ta gani da idonta, ba wani abin tsoro ba ne, cire wannan ake yi a sa wannan. Na kai. Ta karɓa ta jujjuya su, ta sa yatsa cikin gurbin tsohon ta ji kaushinsa, ta motsa sabon ta ji yana tafiya sumul. Ta tambaya ko shi ya yanka da hannunsa, na ce shi ne. Ta daɗe tana kallon yankan. Har na fara murna.

"Takwara," ta ce, "randa nih haihe shi ko tari ban yi ba. Matan gida ba su sani ba sai da sunka ji kukan jinjiri. Yau ga shi da hurhura ya ji ihuna, ya ga ƙashina. Kuma in koma a buɗe ni shina tsaye bakin ƙohwa? A'a. Sau guda ya isa."

Ta mayar mini da sabon, ta ce a sa wa motar wani kar a yi asara. Tsohon ta riƙe. Yana nan cikin faifan da take aje tasbaha har ta rasu.

Ƙarshen ya zo da damina. Aka kira ni aka ce Kaka ta faɗi a makewayi, Gwaggo ta tafi kasuwa, maƙwabciya ce ta ji nishi ta shigo ta ɗauke ta ta kai ɗaki. Haka aka faɗa wa kowa, haka na karɓa. Daga wannan faɗuwar ba ta sake tashi ba. Ta yi 'yan makonni tana shan kunu da cokali, tana cewa da sauƙi, har Larabar nan.

Ranar addu'ar uku da la'asar Baba ya aiko a kira ni, wai in zo mota in ɗauki buhun gero na sadaka. Na je na tarar babu wani buhu. Yana zaune a mazaunin direba, ya ce in shiga baya. Na zauna inda Kaka ke zama. Madubin yana nan a ɗage, bai sauke shi ba. Yana kallon gaba ya yi maganar, kamar da gilashin motar yake.

"Ni niɗ ɗauke ta, Inna."

Ya ce ranar ba Juma'a ba ce, gwajin wata mota ya kawo shi har Gwandu, ya ce bari ya biya. Ya yi sallama shiru. Ya sake yi shiru. Sai ya ji nishi daga bayan zana. Ya tsaya a tsakar gida, ƙafarsa ɗaya na cewa ya fita ya nemo mace, ɗaya ta ƙi ɗaguwa, nishin kuwa yana ƙara ƙasa. Ya ce bai san lokacin da ya ture zanar ba. Tana kwance a caɓi, ƙafar a karkace. Da ta gan shi ta runtse ido. Ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa mata. Kuma da yake ya ga hoton, ya san inda abin yake, bai kama ta ta hammata ba. Ya sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya ya tallabo cinyar ya haɗa da jikinsa yadda ƙashin ba zai motsa a gurbinsa ba, ya ɗaga ta, ya kai ta gado, ya tokare ƙafar da matashi. Idonta a rufe har ya sauke ta.

Ya juya zai fita, sai ta yi magana, fuskarta a bango.

"A ce ma mutumen Kalgo an gode. A ce mai ya iya ɗauka. Yau ɗai anka ɗauke ni ban ji zahi ba."

Babu kowa a ɗakin sai su biyu. Na tambaye shi me ya ce mata. Ya ce me zai ce, ya ce mata za a faɗa masa.

Daga nan ya zagaya ya kira maƙwabciya. Ta shigo ta ga Kaka a kan gado da rigar namiji a jikinta, ta ga caɓi a ƙirjinsa. Ba ta tambayi komai ba. Ta naɗe rigar ta miƙa masa, ta ce ya tafi, ita ce ta ɗauke ta. Matar da ko rabin bokiti ba ta iya ɗagawa sai an kama mata, kuma duk muka yarda.

Shekarun nan duka ni da Gwaggo muna kinkimarta ta hammata, ƙafar na reto, tana cizon mayafi, mu a ganinmu kunya ce ke sa ta cije. Mai hannun da ya iya kuwa yana can tsugune a bayan mota yana duba taya, don haka muka ga ya dace, haka muka yi ta yabawa. Baba ya daɗe yana murza sitiyari da babban yatsa. Can ya ce ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, da hannu ɗaya ma zai iya. Sannan ya roƙe ni kar in faɗa wa matan cikin gida, a bar mata abin da ake yabonta da shi.

Na koma tabarma. Wasu baƙi sun iso daga Diggi, maƙwabciya ta riga ta fara musu, ɗanta na fari bai taɓa ko bakin zanenta ba. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, ta ce ko ba haka ba, Takwara? Na dubi 'yan siraran hannuwanta. Na ce haka ne.

Allah ya jiƙanki, Takwara, ya yafe miki ya yafe mana, ya yalwata miki makwanci ki miƙe ƙafar nan da kika daɗe ba ki miƙe ba. Ki yi haƙuri da na faɗa, na dai ɓoye sunan kowa. Saƙonki kuwa ya isa, mutumin Kalgo ya ji.